A Daina Yanka Hanyar Ruwa Ana Sayar Wa Talaka

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi tsokaci a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mana tuwo a ƙwarya, mu mazauna ƙananan garuruwa da ƙauyuka. Al'amarin kuwa shi ne yadda ake wasa da filayen jama'a a ƙananan hukumominmu. Ana yanka hanyar ruwa da lungunan kasuwa da gefen maƙabarta ana rabawa, idan kuma ɓarna ta auku sai a ce mana mu yi haƙuri, ƙaddara ce. Ni ɗan tireda ne, kuma da 'yan'uwana 'yan tireda da manoma nake magana, amma ina fata ciyamomi da kansiloli su ma za su saurara.

Da farko ya kamata mu san abin da yake haƙƙinmu. A 1976 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta yi wa ƙananan hukumomi garambawul, aka yi masu tsari iri ɗaya a duk faɗin ƙasar nan a madadin na En'e da iyayenmu suka sani. Dalilin da aka bayar shi ne a kawo gwamnati kusa da talaka. An yi ta ƙara yawansu har suka kai 774 a 1996. Jihar Kano kaɗai tana da 44, Katsina 34, Jigawa 27. Tsarin mulkin 1999 kuma bai bar mu a duhu ba, domin ya lissafa ayyukansu ɗaya bayan ɗaya a jadawali na huɗu. Gina kasuwa da tashar mota da mayanka da kula da su, aikinsu ne. Maƙabarta tasu ce. Titunan cikin gari da fitilun kan titi da magudanan ruwa da ban-ɗakin jama'a da kwashe shara, duk nasu ne. Hatta sa wa titi suna da sa wa gidaje lamba da tsara inda za a kafa shago ko kes, duk an rubuta a ƙarƙashinsu.

Akwai kuma abin da ba nasu ba. Tun 2013 rarraba wutar lantarki ya koma hannun kamfanoni, ruwan famfo na manyan garuruwa kuwa na hukumar ruwa ta jiha ne. Na kawo wannan ne don kada mu riƙa ɗora wa ciyaman laifin ɗaukewar wuta, shi kuma kada ya fake da maganar wuta ya gudu daga maganar lambatun da ya toshe a ƙofar sakatariyarsa.

To, yaya ɓarnar take farawa? Duk wanda ya zauna a ƙaramin gari ya san yadda abin yake. Za ka ga fili a gefen kasuwa wanda tun kaka da kakanni nan ruwan sama yake bi ya faɗa kududdufi ko rafi. Ran nan sai ka wayi gari ka ga an zo da igiya da turaku ana awo. Ka tambaya, a ce ai an yanka fulotai ne, na wane da wane. Kafin damina ta faɗi an tayar da shaguna. Hanyar da a da mota take shiga tsakiyar kasuwa ta sauke kaya, yau an jera mata rumfuna hagu da dama har kura ba ta iya wucewa sai da dabara. Filin ƙwallon makarantar firamare an gutsure shi, burtalin da shanu suke bi an shigar da shi gona, jujin unguwa ya zama gida. Kowane sabon shugaba in ya hau, sai ya duba abin da na gabansa ya rage ya ƙarasa. Wanda aka ba fulotin kuma sau da yawa ba zama zai yi a ciki ba. Sayarwa zai yi, kuma talaka ne zai saya da kuɗin da ya tara shekara da shekaru.

Wannan fa ba rashin doka ba ne. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ce filin da yake cikin yankin da gwamna ya ayyana a matsayin birni yana hannun gwamna, sauran kuma ƙaramar hukuma ce take kula da shi, ita take ba da takardar izinin zama irin ta gargajiya. Dokar ta ce amana ce aka riƙe wa jama'a, ba gadon gidan wani ba. Ta kuma ce kowace ƙaramar hukuma ta kasance da kwamitin da zai riƙa ba ta shawara kan rabon filaye. Ina tambayar mai karatu, don Allah a garinku wa ya san sunan mutum ɗaya daga cikin 'yan wannan kwamiti? Wa ya taɓa ganin taswirar garinku a manne a wani wuri, wadda ta nuna nan hanya ce, nan magudana, nan makaranta, nan ba a gini? Inda ba taswira, bakin mai mulki shi ne taswira.

Sakamakon kuwa ba ɓoyayye ba ne. Ruwa ba ya karanta takardar fuloti. In ka tare masa hanya zai nemi wata, kuma ta ɗakin wani zai bi. Ba mu manta da Jibiya ba, inda ruwan dare ɗaya a watan Yulin 2018 ya ci rayukan mutum sama da 40 ya rushe ɗaruruwan gidaje. Ga kuma Mokwa ta Jihar Neja a watan Mayun 2025, inda aka rasa sama da mutum 150. Allah ya jiƙansu da rahama. Ruwan sama na Allah ne, babu mai iya hana shi sauka. Amma inda aka bari mutane suka yi gini, da faɗin kwalbatin da aka yi, da ko an yashe magudana ko ba a yashe ba, wannan aikin ɗan Adam ne, kuma a kansa za a tambayi ɗan Adam.

Haka maganar gobara take. A 2021 kaɗai babbar kasuwar Sakkwato ta ƙone a watan Janairu, ta Katsina ta biyo baya a watan Maris. Waɗannan fa manyan birane ne masu motocin kwana-kwana. To ina ga kasuwar ƙaramin gari wadda sai an kira mota daga wani gari, in ta iso kuma ta tarar an cike hanyar shiga da rumfuna? Mai rumfar da aka kafa a kan hanya da mai rumfar da yake kan ƙa'ida duk tare suke ƙonewa.

Sai kuma cuta. Idan lambatu ya toshe, ruwan ƙazanta ya kwanta a unguwa, a hankali yake tsiyaya cikin rijiyoyin da muke sha, da waɗanda 'yan garuwa suke ɗiba suna sayar mana. A 2021 amai da gudawa ya kashe sama da mutum 3,000 a ƙasar nan, kuma jihohinmu na Arewa irin su Bauci da Kano da Jigawa da Sakkwato ne abin ya fi yi wa ɓarna. Dattawa suna ba mu labarin zamanin da dubagari yake shiga gida gida yana leƙa randa da masai, mata suna jin an ce ga shi nan su hau shara. Yau ma'aikatan tsabta suna nan a takarda, amma a kasuwa wanda muka fi gani shi ne mai yankan rasit.

Abin da ya fi ban takaici shi ne ƙarshen labarin. Bayan shekaru, in ruwa ya yi ɓarna ko wata gwamnati ta zo da nata tsarin, sai ka ga an zo da jan fenti an shafa wa shaguna, a ce kwana kaza kowa ya kwashe kayansa, gini ne ba bisa ƙa'ida ba. Wanda ya yanka filin ya daɗe da sauka daga mulki. Wanda ya sayar ya ci kuɗinsa. Wanda ya sa hannu a takarda yana nan a ofis ko ya yi ritaya lafiya lau. Sai talakan da ya saya, shi ne zai tsaya yana kallon katafila tana cinye jarinsa, diyya kuwa a ce ba shi da ita tunda takardarsa ba ta da tushe. Ya biya ran saye, ya biya kuɗin rumfa duk tsawon shekarun nan, ya kuma biya ran rusau.

Na san abin da shugabannin ƙananan hukumomi za su ce. Za su ce ba kuɗi, gwamnoni sun riƙe komai a asusun haɗin gwiwa. Akwai gaskiya a ciki. Kason ƙananan hukumomi daga asusun tarayya ya ɗan haura kashi 20 cikin 100, amma shekara da shekaru ta hannun jihohi yake bi, abin da yake isowa sai abin da aka ga dama. Shi ya sa muka yi murna da hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa tura masu kuɗinsu kai tsaye, ya kuma haramta naɗa kantomomi da kwamitocin riƙo a madadin zaɓaɓɓu. Shekara ta zagayo ana ta kai-kawo a kan aiwatar da shi, kuma muna kira a cika shi yadda kotu ta ce.

Amma ranka ya daɗe ciyaman, nawa ake kashewa wajen ƙin sa hannu a takardar fulotin da yake kan hanyar ruwa? Ko kwabo. Wannan ba ya jiran kuɗin Abuja. Sa'an nan tun da gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali a 1979, ai ba a daina karɓar kuɗi a hannun talaka ba. Kowace ranar kasuwa mai tebur yana biya, mai rumfa yana biya, mai dabba yana biya a kara, direba yana biya a tasha, mahauci yana biya a mayanka. Ko wannan kaɗai aka tattara da gaskiya, ya isa a ɗauki leburori su yashe magudanan kasuwa, a sayi baro da shebur, a gyara rijiyar burtsatsen da ta lalace saboda ɗan ƙarfen da bai taka kara ya karya ba.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai 'yan kasuwar da suke bin kansila har gida da dare suna roƙon a ba su bakin hanya saboda nan ciniki yake. Akwai masu gidan da suke ƙara taku biyu cikin layi in za su yi katanga, da masu jiran hadari ya haɗo su juye shara a lambatu wai ruwa ya tafi da ita. Ruwan kuwa ba ya kai ta ko'ina sai ƙofar maƙwabci. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Don haka ga shawarata. Na farko, kowace ƙaramar hukuma ta zana taswirar hedkwatarta da manyan garuruwanta, tare da hakimi da dagatai da masu unguwanni da dattawan da suka san inda ruwa yake bi tun kafin a haife mu. A manna ta a sakatariya da ƙofar hakimi da ofishin sarkin kasuwa, da Hausa, yadda kowa zai gane. Na biyu, a bayyana sunayen 'yan kwamitin filaye, kuma kada a yanka wani filin jama'a sai an yi shela an ba da lokacin da mai ƙorafi zai kawo ƙorafinsa. Na uku, duk wata a rubuta a allo a bakin kasuwa abin da aka tara da abin da aka yi da shi. Na huɗu, a yashe magudanai da kwalbatoci tun watan Afrilu, kafin ruwan farko, kada a bari sai Agusta a zo ana ihu bayan hari. Na biyar, ranar da za a rushe gini, a nemo wanda ya sa hannu aka yi shi, shi ma ya amsa tambaya.

Ku kuma 'yan'uwana masu niyyar sayen fili ko rumfa, kada arha ta ruɗe ku. Ku je ku ga wurin da damina, bayan an ɗauke ruwa mai ƙarfi. Ku tambayi tsofaffin unguwa me wurin yake a da. In an ce kududdufi ne aka cike, ko hanya ce, ko gefen maƙabarta, ku riƙe kuɗinku komai kyan takardar da aka nuna maku. Kada ku biya ko sisi ba rasit mai hatimi. Ƙungiyoyinmu na 'yan kasuwa kuma su daina tsayawa ga karɓar kuɗin mako da rabon goron biki, su riƙa tura wakilai sakatariya suna tambaya a rubuce. Idan ɗan takarar kansila ya zo neman ƙuri'a, a tambaye shi maganar lambatu da taswira kafin a karɓi atamfa da sabulu.

Daga ƙarshe ina kira ga iyayenmu sarakuna da hakimai da malamanmu masu hawa mumbari da su sa baki, domin cin hanyar jama'a zalunci ne ko da da takarda aka ci. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Allah ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, ya ba mu damina mai albarka, ya kare mu daga ambaliya da gobara da annoba, amin.



Naka,
Wani ɗan tireda mai kishin garinsu.