Kuɗin jinya: sai yaushe za mu daina jira sai an kwantar da mutum sannan mu fara tarawa?



Duk wanda yake cikin zaurukan WhatsApp na unguwar nan ya san irin saƙon. Hoton ɗan uwa kwance a gadon asibiti, ƙafa a naɗe, lambar asusun banki a ƙasa, sai roƙon a taimaka saboda Allah. Mota ce ta buge shi a kan babur, ko Keke Napep ya kife da shi, likita ya ce sai an yi aiki an sa ƙarfe, kuma ba shi da inshorar lafiya. Mu mutanen Tudun Wada ba a san mu da rowa a irin wannan ba. Mai shayi yana turo ɗari biyar, malamin makaranta dubu biyu, a yi sanarwa a masallaci bayan Magariba, mata su haɗa nasu a makarantar Islamiyya. Allah ya saka wa kowa da alheri. Sai dai ra'ayinmu shi ne, taimakon nan yana zuwa a makare, kuma gyaran yana hannunmu.

Karaya ba ta jiran gudummawa ta cika. Kafin a buɗe zaure, a samu amintaccen da zai riƙe kuɗi, a bi 'yan uwa da ke Abuja da Kano da waya, kwanaki sun wuce. A cikin kwanakin nan ne dangi kan gaji, su sa hannu su fitar da majinyaci zuwa wajen mai ɗori, domin shi ne aljihu zai iya. Ba mu raina masu ɗori ba, sun daɗe suna yi wa al'umma aiki. Amma karayar da ƙashi ya fasa fata ya fito tana buƙatar a wanke ta a ɗakin tiyata, a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta da wuri. In aka ɗaure ta tamau da karare, jini ya daina gudana, ƙafar na iya ruɓewa, a koma asibitin da aka gudu a yanke ta. Magidancin da acaɓa ce abincinsa ya rasa ƙafa, gida guda ke nan ya durƙushe.

Sannan tara kuɗi bayan hatsari ba ya yi wa kowa adalci. Wanda yake da abokan makaranta a manyan ofisoshi, nasa kan cika cikin kwana biyu. Baƙon da ya zo cin rani daga ƙauyen Dukku ko Nafada, yana tura baro a kasuwa, wa zai buɗe masa zaure? Ga gajiya: roƙo na farko a wata kan samu hannu, na huɗu sai dai a tura addu'a. Ga kuma zancen da ba ma son yi a fili, wato nawa aka tara, nawa aka kashe, ina saura. Sau ɗaya aka yi shiru a kan wannan, majinyaci na gaba ne zai biya bashin rashin yarda. Balle hotunan nan. Mutum yana da mata da 'ya'ya da surukai, amma sai an nuna wa duniya raunin jikinsa kafin a tausaya masa. Sutura ma haƙƙinsa ce.

Akwai abin da doka ta ba mu wanda da yawanmu ba mu riƙe ba. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin ba mutum taimakon gaggawa bisa kowane dalili, har da tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga wanda ya saɓa. Wannan ya kamata duk mai kai majinyaci ya sani. Amma dokar ceton rai take nufi, ba ta shafe kuɗin ƙarfe da magani da makonnin kwanciya ba. Idan hatsarin babba ne, gwamnati kan shigo, kamar na Billiri a Afrilun 2025, lokacin da babbar mota ta afka wa masu jerin gwanon Ista, gwamnatin jiha ta ce ta ɗauki nauyin jinyar waɗanda suka ji rauni. Mutum ɗaya da aka buge a kwanar unguwa kuwa, ba ya shiga labarai. A Najeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun mutane yake fita kai tsaye.

Ƙofar inshora a buɗe take. Tun 2019 jihar Gombe ta yi dokar kafa hukumar taimakekeniyar lafiya, GoHealth, kuma ba ta ma'aikatan gwamnati kaɗai ba ce, ɗan kasuwa da mai sana'ar hannu suna iya shiga. A 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar NHIA wadda ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa. Ba kowane aiki inshora ke ɗauka gaba ɗaya ba, don haka muke ganin ƙungiya ta gayyato jami'an GoHealth su zauna da mu, su faɗa mana dalla-dalla abin da ya shiga da abin da bai shiga ba, musamman a kan karaya da tiyata.

Mun san abin da ke hana wasunmu. Sun ji malamai sun yi magana a kan inshora, sai suka haɗa duka suka ajiye. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta bambanta inshorar kasuwanci da ta taimakekeniya, ta hana ta farko, ta halatta ta biyu, wadda jama'a ke zuba kuɗi da niyyar kyauta don a ɗauke wa wanda jarrabawa ta samu. A kan wannan aka gina takaful. Mai shakka ya kai tambayarsa ga malaminsa, amma ya kai ta da wannan bambancin.

Akwai kuma inshorar abin hawa, wadda doka ta tilasta domin wanda aka buge. Daga Janairun 2023 ta motar gida ta koma naira 15,000 a shekara. Mu kuwa mun mai da ita takardar nuna wa jami'an hanya, wasu ma ta bogi suke saya. In hatsari ya faru sai a ce ƙaddara ce, an yafe. Yafiya tsakaninka da direba alheri ne. Haƙƙin da ke kan kamfanin inshorarsa kuwa, kuɗin jinyar ɗan uwanmu ne muke bar musu.

Abin da muke ba da shawara shi ne asusun jinya na dindindin. Mu ɗauka mutum 200 za su riƙa zuba naira 1,000 duk wata. Naira 200,000 ke nan a wata, miliyan 2 da dubu 400 a shekara. Ba zai biya kowace tiyata ba, amma zai biya kuɗin daren farko, hoton ƙashi, jini da magani, wanda shi ne ke raba mai komawa gida da ƙafarsa da wanda ya rasa ta. Asusun ya zama da sunan ƙungiya, ba na mutum ɗaya ba, masu sa hannu uku, a biya asibiti kai tsaye a karɓi rasit, a karanta lissafi a kowane taro. A ware wani kaso don biya wa marayu, zawarawa da tsofaffi rajistar GoHealth. A kuma rubuta sunayen matasan da suka yarda su ba da jini da rukunin jinin kowa, domin a daren hatsari leda ɗaya ta jini kan fi kuɗi wuyar samu.

Gidauniyar gaggawa ba za ta ƙare ba, akwai jinyar da za ta fi ƙarfin asusun. In ta kama, a yi ta da izinin majinyaci ko iyalinsa, da takardar kuɗin asibiti a madadin hoton rauni, a sanar da abin da aka tara ranar da aka rufe, saura kuma ya koma asusu. Muna roƙon shugabanni su sa wannan magana a ajandar taro mai zuwa, kuma a gayyaci shugabannin 'yan acaɓa da na masu Keke Napep na unguwa, tunda su ne suka fi kowa kwana a kan titi.