Bagudo: Idan Ambaliya Ta Janye, Wa Ke Kwashe Abin Da Ta Bari?

Duk wanda ya san ƙasar Bagudo ya san cewa Kogin Kwara ne gatanta, kuma shi ne fargabarta. Kogin yana raba Gaya ta Nijar da Malanbil ta Jamhuriyar Binin, sannan ya shigo Nijeriya ta wajen Lolo, ya shayar da fadamun shinkafa da albasa da suke ciyar da dubban iyalai. A daminar 2020, shekarar da ruwan kogin ya kai matsayin da ba a taɓa gani ba a Yamai, jami'an Jihar Kebbi sun bayyana cewa ambaliya ta cinye kimanin hekta 450,000 na gonakin shinkafa, kuma Bagudo na cikin ƙananan hukumomin da suka fi jin jiki. Manya sun zo jaje, an raba buhunan hatsi da tabarmi da kwanon rufi, an ɗauki hotuna, kowa ya kama gabansa. Tambayar da ban ji an yi ba ita ce: ina aka kai abin da ruwan ya bari?

Bari mu duba abin da ake tararwa a ƙauyen da ruwa ya kwana bakwai a cikinsa. Gidajen ƙasa sun narke, katanga ta cakuɗe da abin da ke cikin masai. Rijiyoyin da ba su da murfi sun cika da wannan ruwan. Mushen awaki da kaji na ruɓewa a bayan gari, hatsin rumbu ya yi funfuna. Buhunan takin zamani da kwalaben maganin feshi da manomi ya adana a ɗaki sun fashe, sun bi laka. Da yake yankin bakin iyaka ne, inda aka daɗe ana safarar man fetur a jarkoki, sai a ƙara da fetur da baƙin man injin ban-ruwa, da batiran fitilu masu aiki da hasken rana.

A matsayina na mai nazarin harshe, ina ganin wani ɓangare na matsalar yana cikin sunan da muke ba waɗannan abubuwa. Duka muna kiransu shara. Shara kuwa, a kunnen Bahaushe, abin da tsintsiya ke iya turawa ne, aikin mata da yara da hantsi. Makomarta juji, shi kuma juji dukiya ne a wurin manomi, domin idan rani ya yi da shi ake takin gona. Wannan hikima ta yi mana amfani a zamanin da sharar gida ba ta wuce toka da ƙaiƙayi da kashin dabbobi ba. Yau jujin da ambaliya ta tara yana ɗauke da guba, amma sunansa bai canza ba, don haka hannun da ke ɗibarsa bai san ya kamata ya yi hattara ba. Magidanci zai kwaɓa ƙasar rusasshen gidansa ya sake yin tubali. Uwargida za ta ɗauraye kwalbar maganin feshi ta zuba man gyaɗa. Yara za su fasa batir su sayar wa 'yan gwangwan. Ba wanda ya yi haka da mugun nufi. Talauci ne da rashin wanda zai yi bayani.

Sakamakon ba ɓoyayye ba ne. A 2021, Cibiyar Daƙile Cututtuka ta Ƙasa ta ƙidaya fiye da mutum 111,000 da ake zaton sun kamu da amai da gudawa, sama da 3,600 suka rasu, galibinsu a Arewa. Gurɓataccen ruwan sha ne hanyar wannan cuta, kuma rijiyar da masai ya malalo cikinta ba ta tsarkaka don kawai ruwan sama ya ɗauke. Ita kuwa gubar magunguna a hankali take aikinta, ba ta tara jama'a a asibiti rana guda balle jaridu su lura.

Akwai darasi a maƙwabta. A 2010, gubar dalma ta hallaka yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara masu haƙar zinare. Likitocin da suka kai ɗauki sun nuna cewa ba amfani a yi wa yaro magani sannan a mayar da shi tsakar gidan da ya sa masa cutar, don haka sai da aka kankare ƙasar gidaje, aka binne ta a keɓantaccen wuri, aka zuba sabuwa. Garin Bagega ya jira har 2013 kafin a saki kuɗin wannan aiki, yara na ta shan wahala. Ashe kwashe gurɓataccen abu shi ma magani ne, jinkirinsa kuma da rayuka ake biya.

To, aikin wa ne? Kundin tsarin mulki na 1999 ya ɗora kwashe shara a wuyan ƙananan hukumomi. Hukumar NEMA, wadda aka kafa a 1999, da takwarorinta na jihohi, sun fi ƙarfi wajen ceto da rabon kayan agaji. Hukumar NESREA, da aka kafa a 2007, tana da dokoki kan abubuwa masu guba, amma tsakanin ofis da ƙauyen da sai da kwalekwale ake isa akwai nisa. Kowa na da hujjar cewa aikin ɗan'uwansa ne. An kashe maciji ke nan ba a sare kansa ba.

Batun iyaka ya ƙara wa al'amarin nauyi. Kogunan Alibori da Sota suna ratsa yankin noman auduga na arewacin Binin, inda ake feshi sosai, kafin su zuba a Kwara sama da Lolo. Abin da ruwa ya wanko daga can ba ya tsayawa a shingen kwastan, kamar yadda mai ɗauke da cuta daga namu ɓangaren ke tsallakawa kasuwar Malanbil ko Segbana da safe ya dawo da yamma. Nijeriya da Binin da Nijar duka mambobi ne na Hukumar Raya Kogin Neja mai hedikwata a Yamai, wadda ke bibiyar hawa da saukar ruwa. Me zai hana a yi irin wannan musayar bayani tsakanin jami'an lafiya na Bagudo da na Malanbil da Gaya a kan rijiyoyi da ɓarkewar cuta?

Shawarata ba mai tsada ba ce. Gwamnatin Kebbi ta ware wani kaso na duk kuɗin agajin ambaliya domin aikin tsaftacewa, a rubuta shi ƙarara a kasafi. Kafin damina, kowace gunduma ta tanadi wuri a kan tudu, nesa da rijiyoyi, domin binne mushe, da wani wurin dabam mai shinge domin tara kwalaben guba da batira har a zo a kwashe. A farfaɗo da 'yan duba-gari, a ba su sinadarin kulorin da safar hannu da takalman roba, kada a koma shan ruwan wata rijiya sai an yashe ta an sa mata magani. Sannan a yi wa jama'a bayani da harshen da suke ji. Gargaɗin da ke jikin kwalbar maganin feshi da Turanci ko Faransanci yake, alhali mutanen wannan yanki Hausa da Dandanci da Fulatanci da Busanci suke yi. Hakimai da limamai da gidajen rediyo su ne za su isar da saƙon, kuma wajibi ne mu malaman harshe mu taimaka da kalmomin da za su bambanta shara da guba, yadda tsohuwa a Illo za ta ji ta gane.

Kogin Kwara zai sake cika, wannan ba sai an yi duba ba. Wanda ya tsira daga ruwa bai kamata ya mutu a hannun abin da ruwan ya bari ba. Allah Ya kiyaye mu, Ya ba shugabanninmu ikon yin abin da ya dace a kan lokaci.