Gasar gato a unguwarmu: guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni

 

Yau zancenmu na madafa ne. Na san cikin alhazan kasuwa da ma'aikatan buro akwai wanda zai ce: "Malam ya rasa ta cewa. Ga tsadar rayuwa, ga rigingimun duniya, shi kuwa ya koma ga tukunyar mata." To, ku yi mani haƙuri ku biyo ni har ƙarshe, domin tsadar nan da kuke kuka da ita cikin tukunya take fara nuna kanta, tun kafin ta isa bisa teburin minista.

Ga yadda abin ya faru. Matan unguwarmu, nan Damagaram, suna da adashin da suka daɗe suna zubi. Da salla ta ƙarato sai suka shirya gasa tsakaninsu ta kayan zaƙi: gato, biskit da duk abin da ake tarbon baƙo da shi. Suka kafa sharaɗi uku. Na farko, a yi abin a gida, ba a sayo wajen masu gidan burodi ba. Na biyu, aƙalla rabin garin ya kasance na abin da ƙasarmu ta noma. Na uku, kowace ta faɗi abin da ta kashe, har dala ɗaya. Alƙalai uku suka naɗa: wata malamar lakkwal da ta yi ritaya, wani Alhaji mai sayar da garin alkama da sukari a kasuwa, sai ni, wanda ban taɓa fasa ƙwai cikin kwano ba tun da aka haife ni. Da na nemi in zame, uwargida ta ce: "Malam, ai ba dahuwa aka ce ka yi ba, ci ne, kuma nan kam ban san wanda ya fi ka ba." Na rasa amsa, na ɗauki hulata.

Faranti na farko na wata amarya ce, matar wani ma'aikaci, mai tanderun gaz sabo fil da littafin girki na Faransanci. Ta ɗauko gaton nan da Faransawa ke ce ma kat-kar, wato kashi huɗu daidai wa daida: ƙwai, sukari, man shanu da gari, kowane nauyinsa ɗaya da na ɗan'uwansa. Don kishin ƙasa sai ta fid da garin alkama baki ɗaya ta zuba na gero. Gato ya fito da ƙamshi, amma a kwance, kuma da wuƙa ta taɓa shi sai ya watse kamar dambu. Yarinya ta cika da hawaye ta ce: "Baba, wallahi yadda littafi ya ce haka na auna."

Malama ce ta warware mana. Cikin alkama, in ji ta, akwai wani sinadari mai danƙo da masana ke kira gulutan. In an kwaɓa gari da ruwa, shi ne ke miƙewa ya riƙe iskar da yisti ko hodar tashi ke fitarwa, har ƙullu ya kumbura ya tsaya da ƙafafunsa. Gero, dawa, masara, shinkafa da rogo duk ba su da shi. Dalili ke nan burodi ba ya jimrin gauraye mai yawa. Gato kuwa ya fi haƙuri, domin ƙwai na taimakonsa wajen riƙe jiki, amma shi ma haƙurinsa na da iyaka.

Faranti na biyu ya tashi da kyau, ido ya so shi, sai dai harshe ya ƙi: ɗaci-ɗaci yake yi da warin tsohon mai. Da muka bincika, ashe tun sati biyu aka niƙo garin aka ajiye cikin leda. Kowace mace da ke dama fura ta san wannan: gero na da maiƙo, kuma da zarar an niƙa shi ba ya daɗewa bai juya ba, balle cikin zafi irin namu. Garin alkama ya yi wata da watanni cikin buhu, ya ƙetare teku, yana nan garau. Ku riƙe wannan, ƴan kasuwa, za mu komo gare shi.

Sai ga wata dattijuwa, wadda duk unguwa ke ce ma Inna, ta sa jikanta ya aje tire. Ba ta da tanderu, ba ta da sikeli, ba ta san baƙi ko ɗaya na Faransanci ba. Gatonta ya tashi, cikinsa da laushi, launinsa kamar na ƙasar da ta sha ruwan farko, ga riɗi a bisa. Alhaji ya ci yanka ɗaya, ya yi shiru, ya miƙa hannu ya ƙara. Na ce: "Inna, mene ne asirin?" Ta ce: "Ɗana, babu asiri. Sau biyar na yi yana lalacewa, kaji suka ci. Wannan shi ne na shida." Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Muna shirin yanke hukunci sai gardama ta tashi bisa faranti biyu. Ɗaya nakiya ce, ta garin shinkafa da zuma da man shanu, da citta da kanumfari da kimba. Alhaji ya ce wannan ba ta cikin gasa, ai ba gato ba ce. Malama ta ce sharaɗi kayan zaƙi ya ce, kuma ga abin da babu ƙwayar garin waje ko ɗaya cikinsa, ga shi yana wata da watanni bai ɓaci ba, ba firiji ba lantarki. Ɗayan kuwa alkaki ne, abin alfaharin Damagaram, wanda matafiyi ba ya barin garin nan bai yi tsarabarsa ba. Aka ce ya karya sharaɗi tun da zallar alkama ne. Mai shi ta miƙe tsaye ta ce: "Alhaji, da girmanka. Alkamar nan ba ta taɓa ganin jirgin ruwa ba. Daga lambunan Agadas aka kawo mani ita, ni na ɓarza ta, na murje ta da mai, ta kwana ta yi tsami, na soya, na tsoma a zuma. In ba ƙasarmu ta noma ta ba, wace ƙasa ce?" Wuri ya yi tsit.

Gaskiya ce ta faɗa. Alkama ba baƙuwa ba ce gare mu. Tun kafin zuwan Nasara ana noma ta da rani a lambunan Abzin da fadamu, kuma har yau ana yin ta can, da wajen Ƙonni da bakin Komadugu. Sai dai kaɗan ce, shi ya sa ta zama abincin sarakai da attajirai da ranar biki: alkaki, dubulan, funkaso, kayan garar amarya. Abin da ya zo da Nasara shi ne cin ta kullum safiya. Burodi ya shiga birane, ya bi mai shayi har ƙauye, yau ga gato a suna, gato a ɗaurin aure, gato a ranar haihuwar yaro. Bakinmu ya saba da abin da gonarmu ba ta iya ƙosar da shi, har ya zama mafi yawan garin alkamar da muke ci daga ƙetare yake zuwa.

Sau nawa aka ja mana kunne? Manya ba su manta da watan Janairu na 1994 ba, lokacin da aka karya darajar kuɗin sefa da rabi: tamma ɗaya ta Faransa da ke dala goma ta wayi gari dala ashirin, duk abin da ke zuwa daga waje ya yi tsalle, albashi kuwa yana nan inda yake, in ma ya samu. A 2022 yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Ukren, ƙasashe biyu da a lokacin ke fitar da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na alkamar da ake saye da sayarwa a duniya, sai mai tuyar fanke a Maraɗi ta ji a jikinta. A 2023 kuma, da aka rufe mana iyakoki, kayan da muka saba ɗaukowa ta tashar jirgin ruwan Kwatano suka tsaya, kowane ɗan kasuwa ya san abin da ya gani. Sau uku ke nan cikin shekara talatin. Wanda ya dogara da tukunyar maƙwabci, ranar da aka rufe ƙofa da yunwa zai kwana.

Ba mu ne farkon masu wannan tunani ba. Tun 1964 hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta buɗe shirin gauraya garin alkama da na amfanin gonar ƙasashe masu zafi. A Senegal, cibiyar binciken abinci ta Dakar ta fito da burodin da suke ce ma pamibile, kashi 15 cikin 100 gero, sauran alkama. Maƙwabtanmu na Najeriya sun hana shigo da alkama baki ɗaya a 1987, suka buɗe a 1992, daga baya kuma suka yi ta ƙoƙarin sa garin rogo cikin burodi. Duk da haka burodin zallar alkama bai sauka daga kujerarsa ba. Darasin da ni na ɗauka shi ne, doka na iya tsare mota a duwan, amma ba ta iya umartar harshe. Mutum ba ya cin abu sau biyu don kishin ƙasa. Yana ƙarawa ne in ya ji daɗi, kamar yadda Alhaji ya miƙa hannu ga tiren Inna, shi da ke cin abinci da sayar da garin waje.

Kada kuma in yi maku zaƙin baki. Sharaɗi na uku ya tona abin da ba mu zata ba. Da aka zo lissafi, kusan duk matan sun ƙidaya gari, ƙwai, sukari da mai, amma babu wadda ta sa kuɗin gawayi, kuɗin niƙa, balle wahalarta ta yini guda. Alhaji ya kama baki ya ce da haka yake ciniki da tuni ya rufe shago. Wadda ke son ta mai da wannan sana'a, to ta fara da alƙalami kafin muciya. Na biyu, gero shi ne tuwo da furar talaka, kuma kowa ya san yadda tiya ke hawa in damina ta kama, rumbu ya yi ƙasa. Ba kullum ne zai fi garin alkama araha ba. Na uku, sukarin ma daga waje yake zuwa, ga kuma ciwon sukari da ke yawaita a biranenmu. Gaton gero gato ne, ba magani ba ne. A ci ranar farin ciki, a ci kaɗan.

To, ƴan kasuwa, ga inda na ce za mu komo. Ƙasarmu na cikin manyan masu noman gero na duniya, a wake kuwa Najeriya kaɗai ke gabanmu. Ga gyaɗa, ga riɗi, ga ayar Maraɗi, ga raken Matamai, ga dabinon Kawar. Majalisar Ɗinkin Duniya da kanta ta keɓe shekarar 2023 ta zama shekarar gero. Abin da matan nan suka fi kuka da shi ɗaya ne: inda za su samu garin gero mai laushi, tankaɗaɗɗe, marar tsakuwa, sabon niƙa, cikin ƙaramin ƙunshi da ranar niƙa rubuce a jiki. Wanda ke iya ɗauko kwantena daga bakin teku, injin niƙa da rariya ba za su gagare shi ba.

Ku kuma ma'aikata, ku ne masu taro da ƙara wa juna sani. Duk hutun shan kafe sai an jera biskit ɗin kwali da ya ƙetaro ƙasa uku. Ranar da za a sa hannu bisa takardar sayen kayan, a tuna akwai mata bayan buron nan da ke iya kawo alkaki, nakiya, gireba da gaton gero, kuɗin kuma ya kwana cikin unguwa, ya biya ma yaro littafi.

Ga yadda Inna ke nata, da izininta, don a kai ma uwargida. Ƙwai huɗu. Gari daidai nauyin ƙwan, rabi na alkama, rabi na gero surfaffe da aka niƙa ranar aka tankaɗe sau biyu. Mai ya ɗan gaza nauyin ƙwan. Sukari rabin abin da aka saba, a cike da dabino jiƙaƙƙe dakakke. Rabin ƙunshin hodar tashi. A raba farin ƙwai da gwaiduwa, a buga farin har ya yi kumfa ya tsaya, shi za a zuba daga ƙarshe, a juya a hankali. A zuba rairayi mai tsabta cikin babbar tukunya ya yi zafi, a aza kwanon a bisa, a rufe, wuta kaɗan a ƙasa, garwashi bisa marfi. Kada a buɗe kafin rabin awa. Wajen minti 45 a soka wuƙa, in ta fito a bushe ya nuna. Mai tanderun gaz ta sa shi bisa 180.

Hukuncinmu kuwa, Inna ta ɗauki turmin atamfa, mai alkaki ta zo ta biyu. Mai nakiya, Alhaji ya sa hannu cikin aljihunsa ya yi mata kyauta ta musamman, yana cewa da tsohuwar zuma ake magani. Amarya mai tanderun gaz kuma, jiya da la'asar na gan ta ta nufi gidan Inna, da kwanon gero a kanta, littafin Faransancin a hammata.

Allah shi ba mu damina mai albarka, shi sa mu ga salla lafiya. Sai mako mai zuwa, in mai duka ya kai mu.