Inda Mai Rauni Ke Kai Kuka: Hukumomin Hana Wariya A Amurka

 A wannan mako za mu duba wata mas'ala wadda ta shafi 'yan'uwanmu da neman halali ya kai ƙasar Amurka, fatake da ɗalibai da direbobin tasi da ma'aikatan asibiti. Mas'alar kuwa ita ce, idan aka hana mutum aiki saboda gemunsa, ko aka hana mace hayar ɗaki saboda lulluɓinta, ina za su kai kuka?

Mai karatu zai ce ai sai kotu. Gaskiya ne, amma kotu tana cin kuɗi, tana cin lokaci. Cikin shekarar 2008 wani kantin tufafi mai suna Abercrombie & Fitch ya ƙi ɗaukar wata yarinya Musulma aiki a garin Tulsa saboda ɗankwalin da ke kanta. Ba a rufe maganar ba sai cikin 2015, lokacin da alƙalai takwas cikin tara na Kotun Ƙoli suka ba kantin rashin gaskiya. Shekara bakwai ke nan, alhali kuwa hukumar Gwamnatin Tarayya ce ta tsaya mata. Ina ga talakan da ba shi da kowa? Domin irin wannan ne jihohi da birane suka kafa ofisoshi na kansu, inda mutum zai shiga da ƙafarsa ya rubuta ƙara, ba kuɗi, ba lauya.

Jihar New York ita ce ta fara. Cikin watan Maris na 1945 Gwamna Thomas Dewey ya sa hannu a dokar da ta hana nuna bambanci wajen ɗaukar ma'aikata saboda launin fata, ko addini, ko ƙasar asali, aka kuma kafa hukuma ta musamman domin zartar da ita. Jihar New Jersey ta bi sahu a shekarar nan, Massachusetts ta yi tata a 1946, Kalifoniya kuma a 1959. Ita Gwamnatin Tarayya sai a 1964 ta yi babbar dokarta, wadda Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu, hukumarta mai suna EEOC kuma ta buɗe ƙofa a 1965. Watau New York ta riga Tarayya da shekara 19. Babban ofishin hukumar jihar yau yana unguwar Bronx, inda mutanenmu na Afirka ta Yamma su ke da yawa.

To, mene ne amfanin hukumar jiha ga wanda ke da ta Tarayya? Na farko, dokar Tarayya ta aikin yi ba ta hawa kan mai kamfani sai yana da ma'aikata 15 ko fiye. Ta Kalifoniya tana hawa daga ma'aikata biyar, ta birnin New York daga huɗu, ta Jihar New York kuwa tun 2020 ba ta bar kowa ba, ko da yaro ɗaya gare shi a kanti. Sanin kowa ne baƙo ya fi samun aiki a ƙananan wurare, gidan abinci ko shagon kaya, waɗanda hannun Tarayya ba ya kaiwa gare su. Na biyu, wa'adi. A wurin EEOC kwana 180 ne tun daga ranar da aka yi laifin, amma ya kan kai kwana 300 in akwai hukumar jiha ko ta gari mai irin wannan doka. Hukumar Jihar New York tana karɓar ƙara har shekara uku a kan abin da ya faru daga watan Fabrairu na 2024 zuwa gaba, ta birnin kuma shekara ɗaya a yawancin ƙararraki. Na uku, hukumomin nan ba aikin yi kaɗai su ke dubawa ba, har da hayar gida da wuraren da jama'a ke shiga, kamar kantuna da masaukai.

Ga yadda aikin ke tafiya a Jihar New York. Mai ƙara zai rubuta abin da ya faru, a aika wa wanda a ke ƙara ya ba da amsa. Mai bincike zai nemi takardu, ya saurari shaidu. In aka ga ƙarar tana da tushe, sai ko dai a yi sulhu, ko a zauna a bainar jama'a gaban alƙalin hukumar. In laifi ya tabbata, a kan umurci a mai da mutum bakin aikinsa, a biya shi albashin da ya rasa da diyyar ɓacin ran da ya sha, a kuma ci tara har dala 50,000, ko 100,000 in da gangan aka yi. Hukumar birnin New York tana da ikon cin tara har dala 250,000, ta kan kuma aika mutanenta su yi shigar masu neman aiki ko haya domin su gane wa idonsu yadda a ke karɓar jama'a. Wanda ya kori ma'aikaci don ya kai ƙara, ya yi wani sabon laifi ke nan.

Abin da ya fi shafar Musulmi shi ne batun ibada. Tun 1972 dokar Tarayya ta wajabta wa mai kamfani ya yi wa ma'aikaci sauƙi a kan addininsa, sai fa in hakan zai jawo masa wahala mai yawa. An daɗe ana fassara wannan togiya yadda ɗan ƙaramin kuɗi ma ya isa hujjar ƙi, har zuwa 2023, sa'ad da Kotun Ƙoli ta ce dole ne asarar ta zama babba gwargwadon girman kamfanin. Mai ƙarar nan Kirista ne, ma'aikacin gidan waya, wanda ya ƙi aikin ranar Lahadi, amma nasararsa ta amfani mai neman zuwa sallar Juma'a. Jihohi kuma sun ƙara nasu. Dokar Kalifoniya ta 2012 ta ambaci suturar addini da gemu, ta kuma hana a ɓoye ma'aikaci a bayan kanti don kada masu saye su gan shi. New York ta yi irin wannan doka a kan sutura da gemu cikin 2019.

Saboda haka shawara ga wanda abin ya sama, ya rubuta rana da wuri da abin da aka faɗa, ya adana takardu da saƙonnin waya, ya san shaidunsa. Hukuma da hujja ta ke aiki, ƙararraki kuma suna yi mata yawa, har bincike ya kan ɗauki watanni. Kada ya jinkirta, don da zafi-zafi a kan bugi ƙarfe. Ya kuma sani, a New York wanda ya kai ƙara hukumar jiha galibi ba shi da damar sake kai ta kotun jiha, don haka ya yi shawara kafin ya zaɓi ƙofa.

Wannan tsari ba baƙo ba ne ga wanda ya karanta fiƙihu. Malam Mawardi, wanda ya rasu a 1058, ya keɓe babi guda cikin littafinsa Ahkamus Sulɗaniyya a kan kujerar Mazalim, watau mai duba zalunci, wanda ya haɗa adalcin alƙali da kwarjinin sarki, har ya kan binciki gwamnoni da masu karɓar haraji ko ba wanda ya kawo ƙara. Ya ambaci cewa Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ne ya fara keɓe rana domin haka, Umaru ɗan Abdul'aziz kuwa ya zauna da kansa, ya mayar wa mutane dukiyar da danginsa suka ƙwace. Manufar ɗaya ce, a buɗe wa mai rauni ƙofa kusa da shi.

Amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. A Nijeriya sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabila, ko mahaifa, ko jinsi, ko addini, ko ra'ayin siyasa. Muna da Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa a 1975 zamanin Janar Murtala Muhammad, mai ofishi a kowace jiha, da Hukumar Kare Hakkin Ɗan Adam ta 1995. Duk da haka shari'ar hijabi a makarantun Jihar Legas ta tashi daga babbar kotu a 2014, sai a 2022 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa 'yan mata hakkinsu. Mutum nawa ne kuma aka haifa a gari, uban ma nan aka haife shi, amma ranar neman aiki ko makaranta a ce masa baƙo ne?

Nan ne maganar ta komo kanmu. Kai ma'aikacin gwamnati, takardar wa ka kan tura ƙarƙashin fayil don sunan mai ita bai yi kama da na garinku ba? Kai mai gidan haya, wa ka ke mayarwa daga bakin ƙofa saboda harshensa? Wanda ke son a bar 'yarsa ta sa lulluɓi a New York, lalle ne ya yi adalci ga wanda ba addininsu ɗaya ba in ya zo gaban teburinsa, domin shari'armu ta hana ƙiyayya ta sa mutum ya bar adalci, ta kuma gargaɗe mu game da addu'ar wanda aka zalunta.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon tsai da gaskiya, Ya tsare mu daga zalunci da zama 'yan kallonsa. Amin. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.