Yadda ƙasar Sin ta tashi daga yunwa zuwa masana'antu, da abin da ya shafi Nijar

Duk wanda ya zagaya kasuwar Dole a Damagaram ko babbar kasuwar Maraɗi, da wuya ya fito bai taɓa kayan ƙasar Sin ba: salula, tocila, moton kabu-kabu, farantin hasken rana, har da atamfa. Amma a 1949, lokacin da Mao Zedong ya kafa mulkin kwaminisanci a Beijin, ƙasar manoma ce matalauta. Kusan mutum 8 cikin 10 ba su iya karatu ba, kuma ƙarfen da take narkawa a shekara bai kai tan dubu 200 ba. A 2020 ya haura tan biliyan ɗaya, fiye da rabin na duniya baki ɗaya.

Masu yabon Sin kan ce sirrin shi ne gwamnati mai ƙarfi da ba a yi mata gardama. Tarihi ya nuna wannan bayani bai cika ba, domin jam'iyya ɗaya ce ta gwada hanya biyu: ta farko ta kai mutane kabari, ta biyu ta kai ƙasar sahun gaba.

Da farko Sin ta kwaikwayi Tarayyar Sobiyet. A shirin shekaru biyar na 1953 zuwa 1957, Sobiyet ta taimaka mata da manyan ayyuka 156, mafi yawansu na ƙarfe, gawayi, lantarki da injuna. Wannan ya aza tubali. Sai gaggawa ta shigo. A 1958 Mao ya ƙaddamar da shirin da aka kira babban tsalle zuwa gaba: aka haɗe gonaki ƙarƙashin hukuma, aka sa manoma suka bar noma suna narka tukwane da fatanya a maƙeran bayan gida. Ƙarfen ya fito mara amfani. Jami'ai kuwa, don tsoron na sama, suka riƙa aika ƙididdigar amfanin gona ta ƙarya, gwamnati na kwashe hatsi bisa wannan ƙarya. Yunwar 1959 zuwa 1961 ta kashe mutanen da ba su gaza miliyan 15 ba, masana da yawa na cewa sun haura miliyan 30. Ba a samu jarida ko ɗan adawar da zai ce a dakata ba.

Duk da haka zamanin Mao ya bar abubuwan da aka ci moriyarsu daga baya. Makarantu da ƙananan asibitoci sun shiga ƙauyuka, har ƙidayar 1982 ta nuna kusan kashi biyu cikin uku na manya sun iya karatu. Ƙasar ta gwada bam ɗin nukiliya a 1964, ta kuma karɓi kujerarta a Majalisar Ɗinkin Duniya a 1971.

Juyin gaske ya fara ne a ƙarshen 1978, shekara biyu bayan mutuwar Mao, lokacin da Deng Xiaoping ya kama ragama. Kuma daga gona ya fara. A ƙauyen Xiaogang na lardin Anhui, manoma 18 suka ƙulla yarjejeniya a ɓoye: kowane gida ya noma nasa yanki, ya ba hukuma kasonta, sauran ya zama nasa. Maimakon a hukunta su, sai aka bar tsarin ya bazu, aka kuma ƙara farashin da gwamnati ke sayen hatsi. Daga tan miliyan 305 a 1978, amfanin gona ya kai tan miliyan 407 a 1984. Hausawa na cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya. Manomin da ya ƙoshi ya samu rarar kuɗi, ya zama mai sayen kaya, ƙananan masana'antu suka tsiro a garuruwan karkara, ƴaƴansa da suka yi makaranta suka zama ma'aikatansu.

Mataki na biyu shi ne buɗe ƙofa da awo. A 1980 aka ware yankuna huɗu na musamman a bakin teku, ciki har da Shenzhen kusa da Hong Kong, inda baƙi za su zuba jari da sauƙin haraji. Abin da ya yi kyau a can aka faɗaɗa shi, wanda ya ƙi aka bar shi. Yau Shenzhen na da mutum fiye da miliyan 17. A fannoni kamar ƙera motoci, an gindaya wa baƙi sharaɗin haɗa gwiwa da kamfanin gida; ta haka Volkswagen ya shiga Shanghai a 1984. Baƙo ya samu kasuwa, ɗan ƙasa ya koyi aikin. Bayan shigar Sin Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya, wato OMC, a Disamban 2001, kayanta suka mamaye kasuwanni. A 2010 ta wuce Japan, ta zama ta biyu bayan Amurka. Bankin Duniya ya ƙiyasta kusan mutum miliyan 800 sun fita daga matsanancin talauci cikin shekaru 40.

Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Miliyoyin ƴan ci-rani daga ƙauyuka sun yi aiki na dogon lokaci da ƙaramin albashi, ba tare da cikakken haƙƙin makaranta da asibiti a biranen da suka gina ba. An murƙushe masu zanga-zanga a dandalin Tiananmen a 1989. Dokar haihuwar ɗa ɗaya, wadda aka soke a ƙarshen 2015, ta bar ƙasar da tsofaffi masu yawa, kuma tun 2022 yawan jama'arta ke raguwa.

Wannan labari ya shafe mu kai tsaye. Matatar mai ta SORAZ, da aka buɗe kusa da Damagaram a 2011, kashi 60 cikin 100 nata na kamfanin CNPC ne na Sin, 40 na Nijar. Shinuwa ne suka shimfiɗa bututun kusan kilomita 2000 daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin, wanda ya fara fitar da ɗanyen mai a 2024. A watan Maris na 2025 hukumomin Yamai suka sallami shugabannin kamfanonin mai uku ƴan Sin, suna masu cewa akwai babban giɓi tsakanin albashin ƴan ƙasa da na baƙi.

Batun albashi gaskiya ne, amma abin da Sin ta nema wurin baƙinta ya wuce albashi: ta nemi sanin aikin kansa. Saboda haka tambayoyin da ya kamata a riƙa yi a kan kowace yarjejeniya su ne: injiniyoyi ƴan Nijar nawa ne za su iya tafiyar da matatar su kaɗai bayan shekara goma? Wane kaso na kayan aiki ake saye wurin ƴan kasuwar gida? Nawa ne daga kuɗin mai ke komawa ga noman rani, taki da makarantun koyon sana'a? Mai noman albasa a Galmi da mai gero a Tasawa su ne kwatankwacin manoman Xiaogang. Muddin ba su da rara a rumbu da kuɗi a aljihu, masana'antar da za a gina ba za ta samu mai sayen kayanta ba.