Wasiƙa zuwa ga masu wa'azi a ikilisiyoyinmu na Hausa

Baba Fasto, Malam Mai Bishara, da duk wanda ake ba bagade ran Lahadi ko a wurin jana'iza:

Ni ba fasto ba ne. Dattijon ikilisiya ne, cikin masu ƙirga baiko bayan sujada da masu raka ku gaisuwar rasuwa. Daga inda muke zama muna ganin abin da ba lallai ku hango daga bagade ba, wato yadda fuskokin mutane ke canzawa sa'ad da maganarku ta sauka a kansu. Dalilin wannan wasiƙa ke nan. Ku yi mini haƙuri in na taka inda bai kamata ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Ku dubi waɗanda ke cika bencinanmu a 'yan shekarun nan. Akwai iyayen da tun daren 14 ga Afrilu 2014, da aka kwashe 'yan mata 276 daga makarantar Chibok, barcinsu bai koma daidai ba, galibinsu kuwa 'ya'yan ikilisiyar EYN ne. Akwai waɗanda suka gudu da kayan jikinsu kaɗai a Oktoban 2014, lokacin da hedkwatar EYN da ke Kwarhi ta faɗa hannun Boko Haram har shugabanni suka koma Jos da zama na ɗan lokaci. 'Yan'uwanmu na Damagaram da Yamai sun ga majami'unsu na ci da wuta a Janairun 2015. Na Maiduguri, waɗanda suka tsira daga bindiga, ruwan madatsar Alau ya shiga musu ɗaki a Satumban 2024. Wanda kuma duk wannan bai taɓa shi ba, tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 mudun masara da kuɗin mota suke gasa masa aya a hannu. Mutanen nan suna waƙa, suna tafi, matan zumunta suna kaɗa tulu kamar babu abin da ke damunsu. Amma da yawansu sun shigo da tambaya ɗaya da ba za su ɗaga hannu su yi ba: me na yi wa Allah?

Abin da nake roƙo shi ne ku amsa wannan tambaya da bishara, kada ku ƙara mata nauyi.

Na taɓa raka wani baƙon mai wa'azi gidan wata mata da aka kashe mijinta a gona, kafin damina ta fita kuma zazzaɓi ya ɗauke autanta. Mun same ta a tsakar gida a kan tabarma, matan zumunta sun kewaye ta, ga kwanon kunu a gefe har ya yi sanyi ba ta taɓa ba. Baƙon namu ya buɗe Littafi Mai Tsarki, ya daɗe yana magana. Ya ce masifa ba ta zuwa haka kawai, a binciki gidan nan, akwai ƙofar da aka buɗe wa Shaiɗan. Kowa ya ce amin, don ba a saba musa wa mai wa'azi ba. Da muka miƙe za mu fita, matar ta kira ni da murya ƙasa ƙasa, ta ce, Baba, ko don ban fitar da zakkar gyaɗar bara ba ne? Mun je mu rage mata kaya, mun baro ta tana tuhumar kanta da jinin mijinta da na ɗanta a kan 'yan mudun gyaɗa.

Irin wannan wa'azi tsoho ne, kuma Littafi Mai Tsarki ya riga ya yanke masa hukunci. Elifaz da Bildad da Zofar sun yi kwana bakwai zaune a ƙasa tare da Ayuba ba wanda ya ce uffan, a ganina kuma aikin kirki da suka yi ke nan duka. Da suka buɗe baki, sai suka shiga nemo zunubin da ya jawo masa asarar 'ya'ya goma da dukiya da lafiya. Maganarsu tana da tsari, ta yi kama da ta masu tsoron Allah, amma a babi na 42 Allah ya ce ya husata da su, sai da Ayuba ya yi addu'a dominsu. A Yahaya 9 almajirai sun ga mutumin da aka haifa makaho, suka so a faɗa musu ko laifinsa ne ko na iyayensa. Yesu ya ture duka biyun. A Luka 13 aka kawo masa labarin Galilawan da Bilatus ya kashe, shi kuma ya ƙara da mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗo wa, ya nuna cewa ba su fi sauran mutane zunubi ba. Ya kira masu sauraro ga tuba, ƙwarai kuwa, amma su da ke tsaye da rai ya kira, bai tono laifin matattu ba.

Na san abin da wani zai ce: ai Dawuda ya yi zunubi, jaririn ya mutu. Gaskiya ne. Akwai wahalar da mutum ke jawo wa kansa. Wanda ya shanye kuɗin taki a gidan burkutu ba sai annabi ya faɗa masa dalilin da rumbunsa ya zama wayam ba. Sai dai annabi Natan ya san abin da Dawuda ya yi, aike aka yi masa, kuma shi kaɗai ya tunkara. Kai da ka zo daga wani gari jiya, ba ka san sunan mamacin ba sai da ka tambaya a mota, wa ya aike ka ka karanta asirin Allah a kan gawa?

To, me za a faɗa wa mai wahala? Ku koma Markus 2. Mutum huɗu sun ɗauko shanyayye, taro ya hana su shiga, suka buɗe rufin gidan a Kafarnahum suka zuro shi da shimfiɗarsa. Kowa a ɗakin ya san abin da ya kawo shi: ƙafafu. Amma Yesu ya fara da gafarta masa zunubansa, kafin ya ce masa ya tashi. A wannan ɗan tsakanin, mutumin yana nan kwance, ƙafafunsa ba su motsa ba, ga shi kuma an riga an gafarta masa. Yawancin mutanenku a wannan tsakanin suke zaune, wasu ma har su mutu a ciki. Aikinku shi ne ku sa su gane cewa maganar farko ta tabbata ko da ta biyun ta yi jinkiri.

Kowa a unguwa ya san littafin bashin mai shago. Wanda sunansa ke ciki, ko gishiri zai saya sai ya aiki yaro, hanyar shagon ma kewaye ta yake yi. Bulus ya gaya wa Kolosiyawa a babi na 2 cewa takardar bashin da ke kanmu an soke ta, an kafa ta a kan gicciye. In haka ne, talaucin mai bi da ciwonsa da makokinsa ba biyan bashi ba ne, don ba a biyan bashi sau biyu. Romawa 8 da ya fara da cewa babu sauran hukunci a kan waɗanda ke cikin Almasihu, shi ne kuma ya lissafa ƙunci da tsanani da yunwa da tsiraici da takobi a ƙarshensa. Bai ce ba za su zo ba. Cewa ya yi ba su isa su raba mu da ƙaunar Allah ba. Matar nan ta kan tabarma wannan ya kamata ta ji: Allah ba ya bin ta kome, ba ya fushi da ita, kuma tana iya kuka a gabansa ba tare da tsoron ana riƙe da littafi ba. Ku faɗe shi kai tsaye, ku maimaita, kada ku lulluɓe shi da sharuɗɗa goma har ya ɓace.

Wani abu kuma ya shigo mana ta talabijin da waya, har ya kai ƙauye: wa'azin da ke auna ceto da abin hannu. Ka shuka iri, ka sayi man shafawa, ka zo a karya la'anar kakanni, wahala ta ƙare. Idan ba ta ƙare ba, bangaskiyarka ce kaɗan. Wannan wa'azin abokan Ayuba ne aka sa masa sabuwar riga, ga shi kuma yana karɓar kuɗi. Mafi muni, in aka rasa wanda za a ɗora wa laifi, sai a nuna wata tsohuwa marar gata a ce mayya ce. Ku tuna Bulus: sau biyar ana yi masa bulala 39, sau uku jirgin ruwa yana fashewa da shi, sau uku yana roƙo a cire masa ƙayar da ke jikinsa ba a cire ba, aka ce alheri ya ishe shi. Ɓarawon da aka gicciye kusa da Yesu ya sami alkawarin Firdausi, amma ba a sauko da shi daga gungumen ba. Rabaran Lawan Andimi na Michika, da aka kama shi a Janairun 2020, ya bayyana a bidiyo cikin natsuwa yana nuna cewa ransa a hannun Allah yake, bayan 'yan kwanaki aka kashe shi. Wa zai tsaya a gaban matarsa ya ce irin da ya shuka ne bai isa ba?

Ku bar mutane su yi kuka. Zabura 88 ta ƙare cikin duhu ba tare da ta juya ga yabo ba, duk da haka tana cikin Littafi. Littafin Makoki babi biyar ne cur. Yesu ya yi hawaye a kabarin Li'azaru yana sane da abin da zai yi nan da ɗan lokaci. Saboda haka kalmar nan ta "mai bi ba ya kuka" a ajiye ta. Wa'azin jana'iza kuma a taƙaita shi, rana tana dukan mutane, masu makoki ba su ci abinci ba.

Sai batun da ya fi wuya, wato gafarta wa wanda ya cuce ka. Umarni ne, ba ni da ikon sassauta shi, yana cikin addu'ar da muke yi kowace Lahadi. Amma akwai bambanci tsakanin koyar da shi da tilasta shi. Na ga an miƙa wa mutum makirufo kwana kaɗan bayan an binne ɗansa, ana so ya ce ya yafe, don taro ya yi tafi. Ya faɗa, ya koma gida da wuta biyu: ta rashin ɗa, da ta ganin kansa munafuki. Yusufu yana da shekara 17 aka sayar da shi, fiye da shekara 20 suka wuce kafin ya bayyana kansa ga 'yan'uwansa, kuma sai da ya gwada su ya ga ko sun sake hali. Fasto James Wuye na Kaduna, wanda ya rasa hannunsa na dama a rikicin 1992, ya haɗu da Imam Muhammad Ashafa a 1995 suka fara aikin sulhu tare, amma shi da bakinsa ya sha faɗa cewa ya yi shekaru yana tafiya da Ashafa alhali zuciyarsa ba ta saki ba. In fasto ya ɗauki wannan lokaci, me zai sa a ba gwauruwa mako guda? Ku fara cika mutum da labarin gafarar da shi ya samu. Daga nan ne ƙarfin yafe wa wani yake tsirowa. Ku kuma gaya masa cewa yafewa ba ta hana neman hakki a gaban hukuma. Bulus kansa, da aka doke shi a Filibi ba tare da shari'a ba, ya ƙi fita a ɓoye sai da mahukunta suka zo da kansu.

Akwai wani wurin da muke ƙaryata wa'azinmu da hannunmu, mu dattawa ma muna ciki dumu-dumu: horo. Yarinya ta yi ciki, an sanar a gaban jama'a, an mai da ita bencin baya, an hana ta Jibin Ubangiji. Namijin kuwa sau da yawa ya sulale birni, ko kuma ɗan wani babba ne, sai a yi shiru. Wata shida ya wuce, shekara ta wuce, ba wanda ya tuna ya karɓe ta. Horo yana da wurinsa, amma Bulus ya gargaɗi Korintiyawa a wasiƙarsa ta biyu su yafe wa wanda aka hora su ta'azantar da shi, kada baƙin ciki ya haɗiye shi. Bitrus ya yi musun Ubangiji sau uku, aka mai da shi a bakin teku bayan an ba shi gurasa da gasasshen kifi, aka kuma danƙa masa kiwon tumaki. In da murya mai ƙarfi aka sanar da horo, da irin wannan murya za a sanar da maidowa, a gaban jama'ar da suka ji na farko.

Harshe kuma. Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, kuma da yawan masu jin ku Hausar ma ta biyu ce gare su, bayan Bura ko Margi ko Tangale ko Bajju. Tsohuwar da ke fama da Hausa, ka ƙara mata Turanci da Helenanci, me za ta kai gida? In kuma za ku gidan mai yunwa, Yakubu a wasiƙarsa ya riga ya faɗi ra'ayinsa a kan wanda ke sallamar mayunwaci da addu'a kaɗai. Ku sa mu dattawa mu riƙo ko tiya ɗaya ce ta hatsi daga ajiyar ikilisiya.

Ban manta da ku ba. Na san mai bisharar da albashinsa ke makara wata da watanni, yana noma da safe yana ziyara da yamma, ya binne mutane da yawa har ya daina ƙirgawa, ɗansa yana gida an koro shi saboda kuɗin makaranta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kuna yi wa kowa shelar gafara, ku kuwa ba ku da wanda za ku faɗa wa naku, don tsoron kada magana ta kai majalisa a yi muku canjin wurin aiki. Kowannenku ya nemi ɗan'uwa guda mai riƙe amana, ko da daga wata ɗarika ce, wanda zai ji ta bakinsa ya kuma tuna masa da Romawa 8. Batun horo kuma ina roƙo a sa shi cikin ajandar taron gunduma mai zuwa, kowace ikilisiya ta zo da jerin waɗanda ke bencin baya da ranar da aka kai su can.

A gaida Mama da yara.

Naku cikin Almasihu,
wani dattijon ikilisiya