Raddi ga Masu Kiran Dashen Fuska Satar Kamannin Mamaci

Tun ranar 27 ga Nuwamba, 2005, da likitoci a garin Amiens na Faransa suka dasa wa Isabelle Dinoire hanci da leɓɓa da haɓar wata mamaciya, bayan karen Dinoire ya yi mata kaca-kaca da fuska, masu adawa ke nanata hujjoji uku.

Ta farko, wai mai rai zai riƙa yawo da kamannin mamaci, har dangi su yi kiciɓis da ɗansu a titi. Shaci-faɗi ne. Fatar a kan ƙasusuwan sabon mai ita take kwanciya, sai a samu wata fuska ta uku, ba ta wannan ba, ba ta wancan ba. Gawar ma ba a tozarta ta. Akan ƙera mata fuskar roba kafin a miƙa wa iyalanta.

Ta biyu, wai kwalliya ce kawai. Mai wannan magana bai san labarin Connie Culp ba, Ba'amurkiyar da mijinta ya harba da bindiga a 2004. Ba ta jin ƙamshi, ba ta iya tauna abinci, numfashi ma ta wata kafa da aka huda mata a maƙogwaro take yi. Bayan dashen fuskar da aka yi mata a Cleveland a 2008 duk suka dawo. Ina kwalliya a nan?

Hujja ta uku ce mai nauyi, kuma adalci ne a amsa ta. Mutum zai sha magungunan danne garkuwar jiki har ƙarshen rayuwarsa, alhali ba ajali aka ceto shi daga gare shi ba. Dinoire kanta sankara ce ta kashe ta a 2016. Li Guoxing na ƙasar Sin, wanda aka yi wa dashe a 2006, ya bar shan maganin, ya rasu a 2008. To amma abin da mutuwarsa ta fallasa rashin bibiya ne, maganin wannan matsalar kuwa tantance lafiyar ƙwaƙwalwa kafin aiki da sa ido bayansa. Jérôme Hamon ya ɗanɗana mafi munin abin: jikinsa ya ƙi fuskar da aka dasa masa a 2010, aka cire ta, ya yi kusan wata biyu a wani asibiti a Paris ba fuska. Duk da haka ya amince aka dasa masa ta biyu a 2018.

Hujjoji biyun farko sun faɗi. Ta uku sharaɗi take gindayawa, ba ta kai ta hana aikin ba.